Wa Ke Duba Abin Da Aka Rubuta A Kanka? Yadda Ake Sa Ido Daga Nesa A Gwajin Kayan Aikin Asibiti

Mai karatu, in ka saba shiga kasuwar Unguwar Rimi awon hatsi, ka san ba farashi kaɗai ake dubawa ba. Mai lura yakan ɗauki mudun ya kifa shi, ya ga ko an bubbuge gindinsa. In mudu ya lotsa, ko da an cika maka shi har ya yi tozo, sai ka je gida za ka gane an rage ka. To, a asibiti ma akwai mudu iri-iri. Na'urar awon hawan jini mudu ce. Haka ɗan abin nan da ake maƙala maka a yatsa don a ga yawan iskar da ke cikin jininka, da tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, da na'urar awon suga. Abin da suka nuna shi likita ke dogara da shi kafin ya rubuta maka magani, ko ya ce a kwantar da kai, ko ya sallame ka.

Wa ya kifa wannan mudu ya duba gindinsa kafin a kawo shi asibiti? Amsar ita ce, an gwada shi a kan majinyata irinka, an rubuta abin da aka gani, sa'an nan wasu mutane suka bi abin da aka rubuta suka tabbatar gaskiya ne. Da yawa daga cikin masu wannan aikin ba su taɓa ganin majinyacin ba, suna wani gari ko wata ƙasa. Aikin nasu shi ake kira sa ido daga nesa. Ya kamata ka san yadda yake, domin wata rana a asibitin koyarwa ana iya ce maka: "Muna gwada wani sabon kayan aiki, za ka yarda ka shiga?"

Mene ne gwajin kayan aikin asibiti?

Kayan aikin asibiti ya haɗa da duk abin da ake amfani da shi wajen gano ciwo, ko auna shi, ko magance shi, wanda ba ƙwaya ko allura ko ruwan magani ba ne. Akwai ƙanana, kamar robar fitsari da tsinken gwaji. Akwai manya, kamar injin wankin ƙoda da na ɗaukar hoton ciki. Akwai kuma waɗanda ake dasawa a jiki, kamar gilashin da ake sa wa ido bayan an cire yana, da ƙarfen ɗorin ƙashi.

Gwajin irin waɗannan kaya yana da wahalar da gwajin magani ba shi da ita. Ƙwayar magani ɗaya ce ko wa ya ba ka ita. Na'ura kuwa tana tafiya ne da hannun mai riƙe da ita: ƙwararre ya auna ya sami abu kaza, sabon hannu ya auna ya sami wani abu daban. Na'ura tana kaucewa daga saitinta in ta daɗe ana aiki da ita. Zafin bazara, ƙurar hunturu da ɗaukewar wutar lantarki duk suna iya taɓa ta. Har ila yau, a gwajin magani ana iya ɓoye wa likita da majinyaci wace ƙwaya aka ba wa, don kada son rai ya shiga. A gwajin na'ura da wuya a ɓoye, domin kowa yana ganin abin da aka ɗora maka.

Ga misalin abin da ke faruwa in ba a gwada na'ura a kan mutanen da suka dace ba. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka buga wani bincike a kan na'urar nan ta yatsa. Sun gano cewa a jikin baƙar fata takan nuna iska ta wadata a jini alhali ta yi ƙasa ƙwarai, kuma hakan ya fi faruwa gare su kusan ninki uku fiye da farar fata. Na'urar tana aiki ne da haske da ke ratsa fata, kuma ba a gwada ta sosai a kan masu duhun fata ba. Shi ya sa yake da amfani a riƙa gwada kayan aiki a nan gida, a jikinmu, a yanayinmu. Amma gwajin ba zai yi amfani ba sai alƙaluman da aka tara sun zama na gaskiya.

Leda mai awo

Misali mafi kusa da mu ya shafi haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu jego a duniya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Likitoci suna kiran jini ya yi yawa in ya kai mililita 500, wato cikin ledar fiya-wata guda. In ya kai mililita 1,000, leda biyu ke nan, ya zama mai tsanani.

Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce, da ido ake kintatar jinin. Wani ya tsotse a zane, wani ya zuba a ƙasa, wani ya gauraya da ruwa. Ungozoma, komai ƙwarewarta, takan ɗauka bai kai yadda ya kai ba. Kafin a ankara, mai jego ta fara ganin jiri.

Sai aka fito da wata shimfiɗar leda da ake sa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito. Tana da aljihu mai tsini a ƙasa, inda jinin ke taruwa, da zane-zanen awo a jikinta kamar na kwalbar shayar da jariri. Da kallo ɗaya za a ga inda jini ya kai. Don a san ko wannan leda tana ceton rai, aka shirya babban gwaji mai suna E-MOTIVE, daga watan Agusta na 2021 zuwa Maris na 2023. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka tsara shi tare da masana na ƙasashe huɗu: Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. A Nijeriya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ƙwararriya a fannin mata da haihuwa, ita ta jagoranci aikin. Cikin asibitoci 78 da aka yi nazarin bayanansu, 38 na Nijeriya ne. Matan da suka haihu a waɗannan asibitoci a lokacin gwajin sun kai 210,132.

Ba mata aka raba ɗaya-ɗaya ba, asibitoci aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka ci gaba da aiki yadda suka saba, da leda marar zanen awo wadda amfaninta kawai a tara jinin a auna daga baya. Ɗaya kashin aka ba su leda mai awo, aka kuma koya musu cewa da zarar jini ya kai layin haɗari a haɗa matakai gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba: a murza mahaifa, a yi allurar da ke matse ta, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kira babban likita in bai tsaya ba.

Da aka buga sakamakon a watan Mayu na 2023 a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, an ga cewa a asibitocin da ke da leda mai awo ana gano zubar jini a kashi 93 cikin 100 na matan da abin ya sama, a sauran kuwa kashi 51 kacal. Cikin kowace mata 1,000, guda 43 ne a asibitocin da suka bi tsohon tsari suka kai ga zubar jini mai tsanani, ko tiyata saboda jini, ko mutuwa. A asibitocin sabon tsari, 16 ne. An rage abin da kashi 60 cikin 100 ke nan. Kafin ƙarshen wannan shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa auna jinin haihuwa da ma'auni, a kuma riƙa haɗa matakan.

Hoto a kan sikeli

Yanzu tsaya ka yi tunani. Haihuwa fiye da 200,000, a ƙasashe huɗu, da yawa cikin dare, a ɗakunan haihuwa masu cunkoso. Ta yaya wanda ke zaune a Kano ko a Birmingham zai yarda cewa lambar da aka rubuta a wani asibiti da ƙarfe uku na dare ita ce ainihin jinin da ya zuba? Ba sai an yi niyyar ƙarya ba. Gajiya kaɗai ta isa ta sa mutum ya rubuta 300 a wurin 800, ko ya manta bai auna ba sai da safe ya cike gurbin da abin da yake tsammani.

Ga dabarar da aka bi. Bayan haihuwa, akan ɗora ledar da jinin cikinta a kan sikeli mai nuna lamba, a ɗauki hotonta yadda nauyin zai fito ɓaro-ɓaro. Giram ɗaya na jini kusan mililita ɗaya ne, saboda haka in an cire nauyin ledar kanta an san yawan jinin. Hoton yakan tafi ta intanet tare da sauran bayanan, inda masu sa ido za su gwama lambar da aka rubuta da wadda sikeli ya nuna. Sharaɗin da aka gindaya shi ne, a lissafin zubar jini ba za a sa kowace lamba ba sai wadda aka tabbatar ta wannan hanya. An sami tabbacin a kan mata 206,455, wato kashi 98 cikin 100. Asibitoci biyu a Kenya da suka kasa cika sharuɗɗan, har da na tabbatar da awon, an cire su tun kafin a yi ƙuri'a.

Ka ga ke nan abin da ya sa duniya ta amince da sakamakon. Ba don girman sunan jami'o'in ba ne kawai. Don kowace lamba tana da shaida ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma hoton nan shi ya kai gani inda ƙafa ba za ta iya zuwa kullum ba.

Me mai sa ido daga nesa yake dubawa?

Ba kowane gwaji ne ke amfani da hoto ba, amma akwai abubuwan da kusan kowane gwaji mai inganci yake yi a yau.

Na ɗaya, kwamfuta tana tare kuskure tun a bakin ƙofa. In ma'aikaci ya rubuta cewa jariri ya yi nauyin kilo 32 maimakon 3.2, ko ranar sallama ta riga ranar kwanciya, nan take za ta ƙi karɓa ko ta nemi a sake dubawa.

Na biyu, akwai tambaya da amsa. In mai sa ido ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ba shi da ikon gyarawa da kansa. Sai dai ya aika tambaya, ma'aikatan asibitin su koma ga fayil ɗin majinyaci su ba da amsa.

Na uku, ba a goge komai. Duk gyaran da aka yi, kwamfuta tana ajiye tsohuwar lambar, da sabuwar, da wanda ya gyara, da ranar da lokacin, da dalili. Wanda ya taɓa lamba ya bar sawu.

Na huɗu, ana gwama asibiti da asibiti. Wannan ita ce babbar fa'idar kallo daga nesa, domin wanda ya hau tudu ya fi ganin faɗin gona. Awon gaskiya yakan fito barkatai: 137, 212, 468. In wani asibiti kullum lambobinsa suna ƙarewa da sifiri, alama ce ana kintata ne, ba a aunawa. In wani wuri bai taɓa ba da rahoton matsala ko ɗaya ba alhali sauran suna bayarwa, ba a yi masa tafi, tambayarsa ake yi. In aka ga an shigar da bayanan mako guda cikin sa'a ɗaya, ko majinyata goma sun zo da awo iri ɗaya sak, sai a bincika.

Na biyar, ana bin ita kanta na'urar. Kowace tana da lambarta. Ana rubuta ranar da aka saita ta, da wanda aka horar ya yi aiki da ita, da duk ranar da ta lalace ko ta ba da sakamakon da ba a gane ba. In na'ura ɗaya ta fara kaucewa, daga alƙalumanta ake fara ganewa.

Na shida, akwai kwamiti mai zaman kansa, na masanan da ba sa cikin masu gwajin. Lokaci-lokaci sukan duba sakamakon a asirce. In suka ga abin da ake gwadawa yana cutarwa, ko amfaninsa ya bayyana ƙarara har bai kamata a ci gaba da hana wasu ba, suna da hurumin ba da shawarar a dakatar.

Yaushe aka koma wannan tsari?

A da, mai sa ido yakan ɗauki jaka ne ya bi asibitoci, ya zauna da tulin fayiloli yana gwama takarda da takarda. Aikin yana cin kuɗi da lokaci, kuma kafin ya zo kuskuren ya yi watanni ana maimaita shi. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora da ke ƙarfafa sa ido daga cibiya ɗaya, a mai da hankali inda haɗari ya fi yawa. A 2016 aka shigar da wannan cikin ƙa'idojin gwaji na ƙasa da ƙasa. Da annobar korona ta zo a 2020 aka hana tafiye-tafiye, sai abin da yake zaɓi ya zama dole. Bayan annobar ba a koma gidan jiya ba. Yanzu galibi haɗawa ake yi: a duba daga nesa kullum, a tura mutum ya je da ƙafarsa inda aka ga alamar matsala.

Abin da ido daga nesa ba ya gani

Kada ka ɗauka kwamfuta ta gama komai. Mai kallo daga nesa yana ganin abin da aka aiko masa ne kawai. Yana iya ganin an sa hannu a takardar amincewa, amma ba zai ga ko an yi wa mai hannun bayani da harshen da yake ji ba. Yana iya ganin hoton sikeli, amma ba zai ga jinin da ya zuba a ƙasa ba a tara ba. In babu sabis ko babu wuta, bayanai sukan makara. Ingancin aikin yana farawa ne daga hannun ungozoma, ma'aikacin jinya da mai ɗakin gwaji.

Mu a Arewa mun san abin da rashin sa ido ke jawowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo hakan, iyaye da yawa kuwa suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Daga baya ta fito fili cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohuwar rana. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wancan gwajin magani ne, ba na na'ura ba, amma darasin ɗaya ne: takarda kaɗai ba shaida ba ce sai an sami mai bin diddiginta.

Abubuwa sun canza tun daga lokacin. Akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, wato NHREC, wanda ya fitar da ƙa'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙara masa ƙarfi. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke kula da rajistar kayan aikin asibiti kamar yadda take kula da magunguna. Asibitocin koyarwa, irin su Barau Dikko a nan Kaduna, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano, kowanne yana da kwamitin ɗa'a da dole bincike ya bi ta hannunsa kafin a taɓa majinyaci.

To, sirrinka fa?

Wannan tambaya ce da ta dace. In bayananka za su tafi Kano, ko Abuja, ko ƙasar waje, wa zai gani? Ƙa'ida ita ce, sunanka ba ya tafiya. Akan ba ka lamba, lambar ce ke tafiya. Takardar da ta haɗa sunanka da lambar tana zama a kulle a asibitin da aka duba ka. In za a aika hoton wata takarda daga fayil ɗinka, akan rufe suna da adireshi tukuna. In kuma mai sa ido zai buɗe fayil ɗin kansa, dole a faɗa maka haka a takardar amincewa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutum zuwa wata ƙasa.

In an gayyace ka

Kada ka ji nauyin tambaya. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Ka tambayi waɗannan:

Mene ne ake gwadawa, kuma da me ake gwama shi?

Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince, kuma ta yaya zan same su in ina da ƙorafi?

Wace illa ce za ta iya samuna, kuma wa zai ɗauki nauyin jinyata in ta same ni?

Da sakamakon sabuwar na'urar za a yi mini magani, ko za a tabbatar da tsohuwar hanya tukuna?

Wa zai ga bayanaina, ina za a kai su, kuma za a ɗauki hoto? Hoton me?

Wa ke duba aikin masu gwajin?

In na'ura ce da za a dasa mini, wa zai ci gaba da duba ni bayan an gama gwajin?

Kana da damar a karanta maka takardar da Hausa, ka tafi da ita gida ka yi shawara da iyalinka. In ba ka karatu, a sami shaida wanda ba ya cikin masu binciken. Kana da damar ka ce a'a, ko ka fita a tsakiya, kuma hakan ba zai rage komai daga kulawar da ake ba ka ba. A irin gwajin da ake raba asibitoci gaba ɗaya, kamar na leda mai awo, kwamitin ɗa'a ne ke yanke yadda za a nemi izini, amma ko a nan kana iya tambaya a gaya maka abin da ake yi.

Kai ma kana da naka nauyin

In ka yarda ka shiga, ka zama ɗaya daga cikin masu riƙe da mudun. In an ba ka na'urar awon hawan jini ko suga ka tafi da ita gida, kada ka ara wa maƙwabci ya gwada, domin awonsa zai shiga a matsayin naka. In ka manta ba ka auna ba, ka bar gurbin, ka faɗi gaskiya. Gurbin da ba a cike ba ana iya lissafi da shi, lambar da aka ƙirƙira kuwa ɓatar da kowa take yi. In kana shan maganin gargajiya ko na kemis, ka faɗa. In na'urar ta yi maka ciwo, ko ƙaiƙayi, ko ta daina aiki, ka kai rahoto ko da kana ganin abin ƙarami ne. Ka riƙa zuwa ranar da aka ba ka, in kuma za ka ƙaura ko ka canza lambar waya, ka sanar. Likita ba zai ji haushi don ka kawo labarin da ba shi da daɗi ba. Labarin da aka ɓoye shi ne zai cuci wanda za a sa wa na'urar bayanka.

Ke kuma 'yar'uwa mai juna biyu, da kai maigida, ga abin da za ku riƙe daga wannan bayani. Ku je awon ciki, a duba yawan jini tun da wuri, a sha maganin ƙarin jini yadda aka ce. A haihu a asibiti, domin zubar jini ba ya sallama, kuma yakan sami matar da cikinta lafiya lau. Ku tambaya ko ana auna jinin haihuwa da leda mai awo a inda za ku haihu. A watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyoyin likitocin mata da na ungozomomi na duniya, ta ba da shawarar kada a jira sai jini ya kai mililita 500: in ya kai 300 kuma bugun zuciya ko awon jini ya nuna alamar matsala, a fara magani nan take. In an koma gida jini ya ci gaba da zuba da yawa, ko ana fitar da gudaji manya, ko jiri, ko bugun zuciya da sauri, a dawo asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Wannan shawara ba daga sama ta faɗo ba. Ta samo tushe ne daga awon da aka yi wa dubban mata, da yawansu 'yan ƙasar nan, da ungozomomin da suka daure suka ɗora leda a kan sikeli cikin dare, da kuma waɗanda suka zauna nesa suna gwama hoto da lamba ɗaya bayan ɗaya. In kana da tambaya a kan wani bincike da aka gayyace ka, ka tuntuɓi likitan da ke duba ka ko ofishin kwamitin ɗa'a na asibiti.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sauki masu juna biyu lafiya.